Gidan wasan da Sarafina ta fito daga cikinsa

Wani ƙanena ɗalibi ne ya turo min tambaya, yace tun yana firamare yake kallon fim ɗin Sarafina, sai kwanan nan yaji wai asalinsa wasan daɓe ne da aka fara yi a wani gida a Johanasbag ta Afirka ta Kudu, shine yake so ya san wane gida ne, yaushe aka kafa shi, kuma ya akayi gwamnatin wariyar launin fata ta zuba ido ana caccakarta a tsakiyar birninta bata sa an rushe wajen ba.

Toh ƙanena, sunan gidan Market Theatre, kuma sunan ba ado bane, kasuwa ce ta gaske. Ginin tun 1913 yake a unguwar Newtown, nan ne babbar kasuwar kayan gwari da kayan marmari ta birnin, ɓangaren da ya zama gidan wasa kuwa shi ake ce wa kasuwar 'ya'yan itace ta Indiyawa saboda su ne suka fi yawa a rumfunan. A 1974 hukumar birni ta kwashe kasuwar ta mayar City Deep, ginin ya zama kango, sai wasu mutum biyu suka neme shi. Ɗaya Mannie Manim, wanda tun yana saurayi ya fara da aikin nuna wa 'yan kallo kujera a gidan wasa har ya zama gwanin fitilun dandamali kuma manaja, ɗayan Barney Simon, darakta, wanda yayi aikin bayan fage a Landan wajen darakta Joan Littlewood sannan ya dawo gida yayi aiki da marubucin wasa Athol Fugard tun farkon shekarun 1960. Dukkansu farar fata ne, wannan kar ka manta da shi don zamu dawo kansa. Suna da ƙungiyar 'yan wasa da suka kafa a 1974 wadda suka sa wa suna The Company, ba su da gida na kansu, yau nan gobe can suke yi.

Kafin ka gane amfanin kangon nan sai ka san dokar da ake ciki. Tun 1965 gwamnati ta fitar da sanarwa a ƙarƙashin dokar raba unguwanni cewa baƙi da farare ba za su zauna kallo tare ba, ba za su hau dandamali tare ba, sai da takardar izini. Gwamnatin na da nata hukumomin wasan kwaikwayo a larduna masu kuɗi da manyan gine-gine, amma na farare ne, shi kansa Manim a irin wannan hukumar ta lardin Transvaal yayi aiki kafin ya ajiye. Ta waje kuma tun 1963 marubutan wasanni da yawa na Ingila da Amurka suka ce ba su yarda a yi wasanninsu a gaban 'yan kallon da aka ware ba. Kaga an toshe gaba an toshe baya kenan. Ita kuwa Newtown ba unguwar zama bace, yanki ne na kasuwa da masana'antu, tun zamanin da ake sayar da lemo da ayaba kowane launi shiga yake ya fita, to wannan ɗan ramin da doka ta bari shi suka riƙe a matsayin hujja, suka ce mu ƙofarmu a buɗe take ga kowa. Kuma suka ƙi dogaro da kuɗin gwamnati, kuɗin tikiti da gudummawar masu hali ne suka riƙe gidan, su kansu 'yan wasan da hannunsu suka shiga aikin kankare bango da shafa fenti.

Ranar 21 ga Yuni 1976 aka buɗe. Ka duba kwanan watan da kyau. Ranar 16 ga Yuni ne 'yan makarantar Soweto suka fito zanga-zangar ƙin a koyar da su da harshen Afrikaans 'yan sanda suka buɗe musu wuta, wato kwana biyar kacal tsakani, gari na ci da wuta. Kuma abin da zai baka mamaki wasan da aka buɗe da shi ba na siyasa bane ko kaɗan, The Seagull ne na Chekhov ɗan Rasha, a ƙaramin ɗakin sama, don babban ɗakin bai kammalu ba sai watan Oktoba inda aka buɗe shi da Marat/Sade na Peter Weiss. Ina faɗin wannan ne saboda mutane na ɗauka tun ranar farko gidan zanga-zanga ne, a'a, da farko dai masu son wasa ne suke neman inda za su yi abin da suke so ba tare da an tsaya musu a ka ba, halin da ƙasar ke ciki ne ya ja su a hankali.

Ni da na samu zuwa wajen abin da ya fi tsaya min a rai ba wasan da na kalla bane, allunan 'yan kasuwar ne. Ba su cire su ba. Kana zaune a babban ɗakin in ka ɗaga kai zaka ga tsoffin alluna ɗauke da sunayen dillalan kayan marmari, ga ƙarafan rufin nan na da, kujerun kuma sun zagaye dandamalin ta yadda ɗan wasa in ya matso gaba guminsa kake gani. Wanda ya saba da ɗakin taro irin namu inda dandamali ke can nesa sama kamar mumbari ba zai gane bambancin ba sai ya zauna, a irin wannan ɗakin ɗan wasa ba ya iya yi maka ƙarya da fuska.

Yanzu ga inda nafi so ka tsaya, yadda ake haɗa wasan. Barney Simon ba mai jiran marubuci ya kawo masa rubutaccen wasa bane. Tura 'yan wasa yake cikin gari, tashar jirgin ƙasa, layin masu neman aiki, kotu, gidan giya, yace ku je ku saurari mutane ku kalli yadda suke tafiya da yadda suke riƙe sigari, ku dawo ku nuna min. Daga nan ake ta rihazal ana zubarwa ana ɗauka har wasa ya tashi. Mu ma ba baƙon abu bane wajenmu, tsoffin 'yan wasanmu na talbijin ƙashin labari kawai ake ba su su cika da bakinsu, kuma a Samaru ta Zariya a shekarun 1970 ɗin nan dai su Michael Etherton suna irin wannan da ɗalibai a gidan wasan nan na ginin ƙasa. Bambancin shine a Afirka ta Kudu dabarar ta zama garkuwa, domin hukumar tacewa rubutu ta fi iya kamawa, wasan da rabinsa a jiki yake da waƙa da kwaikwayon murya, ana tsalle daga Turanci zuwa Zulu zuwa Sotho zuwa yaren 'yan tasha, ba ka da shafin da zaka ja wa jan layi.

Babban misali Woza Albert! na 1981. Mbongeni Ngema da Percy Mtwa sun haɗu ne a ƙungiyar Gibson Kente, uban wasan kiɗa na unguwannin baƙaƙe, suna yawon wasa gari gari, a nan tunanin ya zo musu: in da Morena, wato sunan da kiristocin can ke kiran Almasihu da shi, zai dawo duniya ya sauka a Afirka ta Kudu ta wariya, me zai faru? Suka kawo wa Simon suka ƙarasa tare. Kayan wasan gaba ɗaya ba su cika bayan a-kori-kura ba, akwatunan shayi guda biyu na katako, katako ɗaya da aka rataye tsummokara, 'yan wasa biyu ba riga sai wando, kowanne da ɗan hanci mai ruwan hoda rataye a wuya da roba, in zai zama bature sai ya ja hancin ya ɗora, in ya sauke ya koma baƙi. Shikenan. Mutum biyun nan su ne wanzami, su ne mai talla, su ne tsohuwa mai tsince-tsince a bola, su ne ɗan sanda, su ne jirgin sama da bakinsu, su ne helikwafta. Gwamnatin da ke tutiya da kiristanci sai gata a wasan ta kama Morena ta kai tsibirin Robben inda Mandela ke tsare a lokacin. A ƙarshe a maƙabarta ake kiran matattun gwagwarmaya ɗaya bayan ɗaya su tashi, Albert Luthuli wanda sunansa ke kan wasan, Robert Sobukwe, Lilian Ngoyi, Steve Biko. Ka tuna lokacin ambaton wasu sunayen ma a bainar jama'a jan magana ne. Kuma dariya ake kamar ciki zai yi ciwo, wannan shine abin da masu kwaikwayonsu daga baya suka kasa, suka ɗauki ihun suka bar barkwancin.

Wasan da ba shi da kaya kuwa tafiya ba ta masa wahala, mutum biyu da akwati biyu ko ina sun shiga, shi yasa ya zagaya Ingila da Amurka, kuma daga nan ƙofa ta buɗe. Shekarun 1980 su ne ganiyar gidan: Asinamali! na Ngema, Bopha! na Mtwa kan baƙin ɗan sanda da ɗansa ɗan gwagwarmaya, Born in the RSA na Simon a 1985 daidai lokacin da aka sa dokar ta-ɓaci, Sophiatown a 1986 kan unguwar da aka rushe aka kwashe mutanenta a shekarun 1950. Fugard ma nan ya mayar gidansa, A Lesson from Aloes a 1978, My Children! My Africa! a 1989.

Toh tambayarka ta me yasa ba a rufe su ba. Gaskiya ba dalili ɗaya bane kuma ba duka ne masu daɗin ji ba. Akwai ramin dokar da na faɗa. Akwai sunan da suka yi a waje, wanda in ka taɓa su gobe jaridun Landan da Niyok sun ɗauka. Amma akwai na uku wanda masoya gidan ba sa son a faɗa, shine gwamnatin ma tana amfana. Ɗaki ne mai ɗaukar 'yan ɗaruruwa a tsakiyar birni, da daddare, tikiti da kuɗi, mutumin Soweto kafin ya zo sai ya yi tunanin mota da takardar fas, wato takardar izinin zirga-zirga da aka tilasta wa baƙaƙe, da yadda zai koma gida cikin dare, dokar fas ɗin ma sai 1986 aka soke ta. To wasan da ɗari uku za su kalla, rabinsu farare masu sassaucin ra'ayi da baƙi 'yan ƙasar waje, bai kai haɗarin wanda za a yi a zauren coci a cikin unguwa ba, kuma in an ce musu azzalumai sai su nuna Market su ce ga shi nan ana zaginmu ba mu hana ba. Shi yasa zaka ga a cikin unguwanni an fi matsawa, Gibson Kente kansa an tsare shi a 1976, haka 'yan wasa John Kani da Winston Ntshona an kama su a yankin Transkei a shekarar saboda wasan Sizwe Banzi Is Dead, alhali shekara ɗaya kafin nan suka ciyo Tony, babbar kyautar wasan daɓe ta Amurka. Sannan masu suka daga cikin baƙaƙen sun sha cewa gidan na farare ne masu kyakkyawar niyya, su ke riƙe da makulli, kuma wasu wasannin an fara ɗinka su ne daidai wuyan 'yan kallon waje. Ni a ganina sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya ce saboda haka gidan bai yi komai ba ya yi son kai, don a lokacin kaɗan ne wurare a birnin da baƙi da fari ke zama kujera ɗaya kafaɗa da kafaɗa suna dariya kan abu ɗaya, suna fitowa su sha shayi a mashaya ɗaya.

Shekarar 1987 ita ce ta abubuwa biyu. Na farko Othello na Shakespeare da Janet Suzman ta shirya, John Kani ya fito a Othello, Joanna Weinberg farar fata ta fito a matarsa Desdemona. Wasan shekara kusan ɗari huɗu da rubutawa, ba wanda zai ce an rubuta shi don tsokanar gwamnati, amma dokar da ta haramta aure da tarayya tsakanin baƙi da fari shekara biyu kacal da soke ta, a 1985, sai ga baƙi ya rungumi fara a gaban jama'a a matsayin mijinta. Akwai waɗanda suka tashi suka fice. Ba a canza kalma ko ɗaya ba wasan ya zama na Johanasbag.

Na biyu shine naka, Sarafina! Ngema ne ya rubuta ya shirya, kiɗan shi da Hugh Masekela, labarin 'yan makarantar Morris Isaacson ta Soweto, ɗaya daga makarantun da zanga-zangar 1976 ta taso. Yara ya tara ya horar da su wata da watanni, Leleti Khumalo tana da shekara 17 lokacin. Wurin da yarinyar ke fitowa a matsayin Mandela a wasan makaranta yanzu ba zai girgiza ka ba, amma a 1987 mutumin na kurkuku kuma buga hotonsa ma laifi ne. Daga Market aka ɗauke su zuwa Niyok, suka shiga Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin, a watan Janairu 1988 a gidan Cort, suka yi wasa sau 597 kafin a rufe a 1989. Fim ɗin da ka sani sai 1992 ya fito, Darrell Roodt ya bada umarni, aka sako Whoopi Goldberg a malamar, Miriam Makeba a uwar Sarafina. In ka tambaye ni, fim ɗin ya fi kuka, wasan daɓen ya fi kiɗa da ƙarfin jiki, abu biyu ne daban masu suna ɗaya.

Abin da ban cika jin ana ambata ba kuma nake ganin ya fi wasu wasannin muhimmanci shine makarantun. A 1989 Simon da Kani suka buɗe Market Theatre Laboratory don horar da matasan da ba su da hanyar shiga jami'a, har da tura masu horarwa cikin unguwanni su taimaka wa ƙananan ƙungiyoyi, a shekarar kuma David Goldblatt ya kafa makarantar ɗaukar hoto ta gidan, wadda fitacciyar mai ɗaukar hoto Zanele Muholi ta fito daga cikinta. A da kuma akwai Kippies a gefe, ɗan gidan kiɗan jaz mai sunan Kippie Moeketsi mai busa.

Sai dai fa wahalar gidan ta gaske ba a zamanin wariya ta zo ba, bayan ta ne. An saki Mandela 1990, an yi zaɓe 1994, Manim ya riga ya bar gidan a farkon shekarun 1990, Simon ya rasu 1995. Abokin gaban da aka shekara kusan ashirin ana wasa a kansa ya kau, marubuta suka tsaya cirko-cirko, me za a ce yanzu? Tun 1989 ma Albie Sachs na ANC, jam'iyyar su Mandela, ya rubuta wata takarda yana cewa a daina kiran al'ada makamin gwagwarmaya na wasu shekaru ko a samu a rubuta wani abu daban, aka yi ta cece-kuce a kai, sai gashi maganarsa ta tabbata a kan Market. Masu bada tallafi daga waje suka ga ai an gama, suka juya. Tsakiyar Johanasbag kuma ta lalace, kamfanoni suka kwashe zuwa Sandton, mutane suka ji tsoron shigowa Newtown da dare saboda 'yan fashi, kujeru suka zama wayam. Gidan da ɗan sanda bai iya rufewa ba saura kaɗan rashin 'yan kallo ya rufe shi.

Abin da ya farfaɗo da shi kashi biyu ne. Na kuɗi, an gyara unguwar, an buɗe gadar Nelson Mandela a 2003 wadda ta haɗa Newtown da Braamfontein, sannan gwamnati ta mayar da gidan cibiyar al'adu ta ƙasa tana ba shi kason kuɗi duk shekara. Ka ga abin dariya, gidan da ya yi suna da ƙin kuɗin gwamnati yanzu da shi yake biyan albashi, kuma akwai masu tambayar ko mai cin tuwonka zai iya zaginka da gaske, tambayar da har yau ba ta mutu ba. Na biyu kuma wasannin suka koma cikin gida. Nothing But the Truth na John Kani a 2002 shine misalin da nake ba ɗalibai. Dattijo ne ma'aikacin laburare mazaunin unguwar New Brighton, ƙaninsa ɗan gwagwarmaya ya yi gudun hijira ya mutu a Landan, dattijon ya shirya jana'iza ya sanar da dangi da mai akwatin gawa, sai ga 'yar mamacin ta sauka daga jirgi da ɗan tulu a hannu, an ƙone gawar toka ta kawo. Duk Bahaushe zai ji wannan a ƙirjinsa, me zaka ce wa mutanen da suka taru? Daga nan wasan ya tono abin da ke tsakanin wa da ƙani, wanda ya tafi ya zama gwarzo da wanda ya zauna ya riƙe gida ba wanda ya gode masa, a daidai lokacin da ƙasar ke zaman hukumar gaskiya da sulhu. Ba ihu, ba taken gwagwarmaya, falo ne da kicin da mutum uku.

Daga baya Malcolm Purkey, ɗaya daga waɗanda suka haɗa Sophiatown, ya riƙe ɓangaren wasanni, James Ngcobo ya karɓa a 2013, bayansa Greg Homann. Fugard ya rasu a 2025, Ngema a hatsarin mota a Disamba 2023, shekarar 2026 kuma gidan ke cika 50. Ɗakunan wasan guda uku yanzu duk an sa musu sunayen mutanen gidan, ɗaya Barney Simon, ɗaya Mannie Manim, babban kuma tun 2014 John Kani. Su yaran yanzu a fim ɗin Black Panther suka san Kani, sarki T'Chaka uban jarumin. Kai kuma da ka haddace Sarafina, in ka sake kunna fim ɗin ka lura da shugaban makarantar, shine dai John Kani ɗin.